Garuruwan Da Jini Ke Yi Wa Mutane Yawa

Mutanen karkara sun san ƙarancin jini sarai. Mace mai juna biyu ta je awo, malamar asibiti ta duba idonta da tafin hannunta, ta ce ba ta da isasshen jini. Yaro ya sha fama da zazzaɓin cizon sauro, ya yi fari fat, a ce sai an ƙara masa jini. Wannan kowa ya saba ji. Amma idan aka ce akwai garuruwan da jini ke yi wa mutane yawa har ya kwantar da su, mai karatu zai yi mamaki. To, akwai su. Garuruwa ne da ke can bisa manyan tsaunuka. Darasin wannan wata a kansu yake.

Tun farko a lura da abu guda. Yawan jinin da ake magana a nan ba shi ne hawan jini ba. Hawan jini shi ne ƙarfin da jini ke bugun jikin jijiyoyi da shi. Wannan kuwa ƙwayoyin da ke cikin jinin ne ke yawaita, har jinin ya yi kauri.

Ina garuruwan suke?

Tsawon tudu daga bakin teku ake auna shi. Birnin Kano bai kai mita 500 sama da teku ba. Jos, da ake yi wa kirari da sanyi, tana wajen mita 1,200. Amma a duniya akwai mutane fiye da miliyan 80 da ke zaune sama da mita 2,500. Mafi yawansu suna wurare uku ne: tsaunukan Andis na Kudancin Amurka, da tudun Tibet a ƙasar Sin, da tsaunukan Habasha.

A ƙasar Bolibiya akwai birnin La Paz, yana wajen mita 3,600. A ƙasar Peru akwai garin Cerro de Pasco, garin masu haƙar azurfa da darma da tutiya, yana sama da mita 4,300. Har ila yau a Peru ɗin akwai La Rinconada, garin masu haƙar zinariya, yana wajen mita 5,100. Babu wani gari a duniya da ya kai shi bisa. Watau ya ninka tudun Jos har sau huɗu.

Abin da ke cikin jini

Babban mutum yana da jini kamar lita 5 a jikinsa. Jini kashi biyu ne. Akwai ruwa, akwai kuma ƙwayoyi da ke yawo a cikin ruwan. Mafi yawan ƙwayoyin jajaye ne, su ne ma suka sa jini ya zama ja. Ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. A ɗan ɗigon jini wanda bai kai ƙwayar gero ba, akan sami kusan miliyan 5.

Aikin jajayen ƙwayoyi dako ne. Idan mutum ya shaƙi iska, huhu yakan tsamo wani ɓangare nata mai suna oksijin. Jajayen ƙwayoyi su ɗauka, su kai wa ƙwaƙwalwa da tsoka da sauran gaɓoɓi. Kamar jakuna ne masu kai taki gona. Mangalar da suke ɗaukar kayan a ciki kuwa, wani sinadari ne mai suna himogulobin. Shi ne ake aunawa a asibiti idan an ce za a duba yawan jini.

Kowace jar ƙwaya takan yi kamar kwana 120 tana aiki, sa'an nan ta mutu. Ɓargon cikin ƙashi ne ke ƙera sababbi. Ba ya hutawa. A cikin daƙiƙa ɗaya yakan fitar da kimanin miliyan 2.

Iskar kan tsauni

Wasu na zaton babu oksijin a kan tsauni. Ba haka ba ne. A ko'ina, kashi 21 cikin ɗari na iska oksijin ne, ko a Legas ko a La Rinconada. Bambancin yana wajen matsi.

A dubi buhun auduga. Ta ƙasa a danne take, domin nauyin ta sama yana kanta. Ta baki kuwa sakwa-sakwa take. Wanda ya damƙi ta ƙasa zai sami auduga da yawa a hannunsa. Wanda ya damƙi ta baki zai sami kaɗan. Haka iska take. Ta bakin teku a matse take, ta kan tsauni kuwa a sake. Idan aka hau wajen mita 5,500, matsin iska ya ragu da rabi. Saboda haka mutumin La Rinconada zai cika ƙirjinsa da iska kamar kowa, amma oksijin da ya samu bai wuce rabin na mutumin bakin teku ba sai da ɗan kaɗan.

Ƙoda ce ke kai ƙara

Idan baƙo ya hau irin wannan wuri, nan da nan zai fara haki. Zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri. Wannan taimakon gaggawa ne. Amma jiki yana da wata dabara mai daɗewa, kuma ƙoda ce ke riƙe da ita.

An fi sanin ƙoda da tace fitsari. To, tana da wani aikin. Ita ce ke lura da yawan oksijin da jini ke kawowa. Da zarar ta ji ya ragu, sai ta saki wani sinadari a cikin jini. Likitoci na kiransa EPO a taƙaice. Shi ɗan aike ne. Yakan tafi wurin ɓargo da saƙo ɗaya: a ƙara ƙera jajayen ƙwayoyi. Tun da kowane jaki kaya kaɗan yake samu, to, a ƙaro jakuna. Masana uku da suka gano yadda jiki ke jin ƙarancin oksijin, watau Kaelin da Ratcliffe da Semenza, an ba su kyautar Nobel a shekarar 2019.

Amma tun kafin su an ga alamar abin. Wani likita Bafaranshe mai suna Viault ya je Peru. A birnin Lima, bakin teku, ya ƙirga ƙwayoyin jininsa ya sami miliyan 5 a ɗan ɗigo. Ya hau garin Morococha, wajen mita 4,500. Bayan kamar mako uku ya sake ƙirgawa, sai ya sami miliyan 8. Daga baya an gane cewa ba duka ne sababbin ƙwayoyi ba. A kwanakin farko jiki yakan rage ruwan da ke cikin jini, sai ƙwayoyin su ƙara cunkushewa. Duk da haka abin da ya gani gaskiya ne: zaman tsauni yana ƙara jajayen ƙwayoyi.

Ƙari kaɗan alheri ne. Shi ya sa 'yan tseren gudu ke zuwa yin atisaye a garin Iten na ƙasar Kenya, wajen mita 2,400.

Inda taimako ke komawa cuta

Ga yawancin mazauna tsauni, ƙwayoyin sukan ƙaru su tsaya a wani mataki. Mutum ya yi nomansa da kiwonsa lafiya lau har ya tsufa. Amma ga wasu, ɓargo ba ya tsayawa. Wani likitan Peru mai suna Carlos Monge ne ya fara bayyana wannan cuta a shekarar 1925. Shi ya sa ake kiranta cutar Monge. Wasu kuma na ce mata ciwon tsauni mai daɗewa. An kiyasta cewa cikin mazauna tsauni 100, mutum 5 zuwa 10 na iya kamuwa.

Ga yadda likitoci ke gane ta. Namiji mai lafiya a ƙasa-ƙasa, awon himogulobin nasa yakan kasance tsakanin 13 da 17. Na mace tsakanin 12 da 15. Idan mazaunin tsauni namiji ya kai 21, ko mace ta kai 19, to, an ce jini ya yi yawa. Akwai kuma wani awon. A jinin mai lafiya, ƙwayoyi ba su kai rabi ba, kamar kashi 40 zuwa 45 ne cikin ɗari, sauran ruwa ne. A jinin mai cutar Monge sukan haura kashi 60. A La Rinconada an sami waɗanda nasu ya kai kashi 80.

Duk wanda ya taɓa noman rani ya san bambancin injin da ke jan ruwa garau da wanda ke jan ruwan laka. Na biyun yakan yi ta gurnani, ya yi zafi, ruwan kuma ya fito kaɗan-kaɗan. Zuciya ita ce injin. Jini mai kauri ba ya gudu sosai a cikin ƙananan jijiyoyi. Jakunan sun yi yawa har sun cushe hanya. Kaya ba ya isa da wuri. Ƙoda kuwa ba ta san dalili ba. Ita dai ta ji oksijin bai ishe ta ba, sai ta sake aika saƙo a ƙaro ƙwayoyi. Jini ya ƙara kauri. Haka abin zai yi ta zagayawa.

Me ya sa wani ke kamuwa, maƙwabcinsa bai kamu ba?

Wannan ita ce babbar tambaya. Mutum biyu suna gari ɗaya, suna shaƙar iska ɗaya. Ɗaya lafiyarsa ƙalau, ɗaya kuma leɓɓansa sun yi shuɗi. Dalilan suna da dama, kuma sau da yawa sukan taru wa mutum ɗaya.

Babba daga cikinsu shi ne raunin numfashi. A wuyan kowane mutum, kusa da manyan jijiyoyin da ke kai jini ka, akwai wasu 'yan mitsi-mitsin gaɓoɓi guda biyu. Su ne masu gadi. Idan oksijin ya ragu a jini, sukan gaya wa ƙwaƙwalwa ta sa a ƙara numfashi. Amma mai gadin da ya shekara talatin yana jin ƙara iri ɗaya, wata rana zai daina firgita. Haka ke faruwa ga wasu da suka daɗe a tsauni. Jikinsu ya daina amsa kiran kamar da. Suna numfashi ƙasa da abin da wurin ke bukata. Aikin da huhu ya gaza yi, sai ya faɗa kan ɓargo.

Da dare abin ya fi muni. Kowa in ya yi barci numfashinsa yakan lafa. A ƙasa-ƙasa wannan ba kome ba ne. A mita 4,000 kuwa, ɗan lafawar nan takan sa oksijin ya faɗi ƙwarai. Wasu ma numfashinsu yakan ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi, ya dawo, ya sake ɗaukewa, har gari ya waye. Masu minshari mai ƙarfi sun fi shiga wannan hali. Su ba su sani ba, suna barci. Amma ƙoda tana ji, tana kuma ta aika saƙo duk dare.

Shekaru ma dalili ne. Huhu yakan rage ƙarfi idan ana manyanta. Binciken da aka yi a Cerro de Pasco ya nuna cewa cikin maza 'yan shekara talatin da wani abu, kimanin 15 cikin 100 ne jininsu ya yi yawa. Cikin dattawa kuwa abin ya kai mutum 1 cikin 3.

Maza sun fi mata kamuwa. Sinadarin mazakuta yana zuga ɓargo ya ƙara aiki. Mace kuwa tana da garkuwa biyu muddin tana ganin al'ada. Tana rage jini kowane wata, kuma jikinta yana da wani sinadari mai suna furojestaron wanda ke ƙarfafa numfashi. Idan al'ada ta ɗauke, garkuwar ta tafi. Daga nan ne cutar ke yawaita a cikin mata.

Ƙiba tana taimaka wa cutar, domin teɓa tana danne ƙirji, musamman a kwance.

Sai kuma duk abin da ke ɓata huhu. Shan taba yana ciki. Tarin fuka yana ciki. Ƙurar dutse da masu haƙar ma'adini ke shaƙa a cikin rami tana ciki. Haka nan hayaƙin girki. A kan tsauni akwai sanyi mai tsanani, itace kuma ya yi ƙaranci. Mutane da yawa da kashin dabbobi suke girki, a cikin ɗaki rufe. Huhun da ya sha hayaƙi shekara da shekaru ba zai iya tsamo ɗan oksijin da ke cikin iskar ba. Idan cutar huhu ce ta jawo yawan jinin, likitoci sukan ware shi daban, domin sai an yi maganin huhun tukuna.

Akwai wani dalili na musamman a garuruwan ma'adini. Wani ƙarfe ne mai suna kobal. Idan ya shiga jiki, yakan ruɗi ƙoda ta zaci babu oksijin ko da akwai. Wani bincike da aka buga a shekarar 2002 ya sami kobal mai yawa a jinin wasu masu wannan cuta a Cerro de Pasco.

Gado

Dalili na ƙarshe ya fi sauran ban sha'awa. Birnin Lhasa na Tibet da birnin La Paz kusan tsawonsu ɗaya. Amma 'yan asalin Tibet ba su cika kamuwa da cutar Monge ba. Awon jininsu bai yi nisa da na mutanen ƙasa-ƙasa ba. Su hanyarsu daban ce. Suna numfashi da yawa, jijiyoyinsu kuma a buɗe suke, jini na gudu sosai. Watau maimakon su ƙaro jakuna, sai suka faɗaɗa hanya. Sinawa 'yan ƙabilar Han da suka ƙaura zuwa Tibet daga ƙasa-ƙasa kuwa, sun fi 'yan asalin wurin kamuwa nesa ba kusa ba. Ga shi iska ɗaya suke shaƙa.

A shekarar 2010 masana suka gano sirrin. Akwai wata ƙwayar gado mai suna EPAS1. Irin wadda yawancin 'yan Tibet ke ɗauke da ita tana hana jiki wuce gona da iri wajen ƙera jini. Kakanninsu sun yi dubban shekaru a tudun, 'ya'ya suna gadar wannan hali daga iyaye. Makiyayi ya san irin wannan. Akwai shanun da ke jure wa ƙudan tsando, akwai waɗanda ba sa jurewa, kuma a jini abin yake. Amharawan tsaunukan Habasha ma ba su cika yin wannan cuta ba. A wajen mutanen Andis kuwa, a shekarar 2013 an gano wata ƙwayar gado mai suna SENP1 wadda ke aiki fiye da kima a jikin masu cutar.

Alamomi

Mai cutar yakan yi fama da ciwon kai da jiri da kasala. Ba ya samun barci mai daɗi. Kunnuwansa su riƙa ƙara. Tafin hannu da na ƙafa su riƙa zafi kamar an sa barkono. Idanu su yi ja, leɓɓa da farata su yi shuɗi, jijiyoyi su fito raɗa-raɗa. Mantuwa ta yi yawa, har mutum ya kasa riƙe lissafin sana'arsa. Da yake abin a hankali yake zuwa, da yawa sukan ɗauka tsufa ne ko gajiyar aiki.

Idan aka bar ta, jijiyoyin huhu sukan tsuke. Ɓangaren dama na zuciya, mai tura jini zuwa huhu, ya yi ta wahala har ya gaza. Jini mai kauri kuma yana iya daskarewa a cikin jijiya.

Magani

Maganin da ya fi kowane shi ne sauka. Idan mai cutar ya koma bakin teku, ƙoda takan daina aika saƙo. Cikin 'yan makonni zai ji sauƙi, jini kuma ya riƙa tsinkewa a hankali. In ya sake hawa, cutar ta dawo.

Faɗar wannan ya fi yinsa sauƙi. A ɗauki mai haƙar ma'adini ɗan shekara hamsin. A nan aka haife shi. A nan gidansa yake, da iyalinsa, da kaburburan iyayensa. Ba shi da wata sana'a sai ta rami. Likita ya ce masa ya koma Lima. Ya je ya ci me? La Rinconada ta yi suna da wani tsarin aiki inda lebura zai yi kusan wata guda ba albashi, sa'an nan a ba shi rana ya ɗebi duwatsun da zai iya ɗauka, abin da ya samu na zinariya a ciki shi ne ladansa. Mutumin da talauci ya kai shi irin wannan aiki, ba ciwon kai ne zai sauko da shi ba. Shi ya sa da yawa ke zama da cutar.

Ga waɗanda ba za su iya sauka ba, akan ɗebi jini a asibiti a rage. Sukan ji sauƙi, amma na ɗan lokaci ne, domin ɓargo zai mayar da abin da aka ɗiba. Yawan ɗiba kuma yana ƙarar da sinadarin ƙarfe na jiki. Akwai kuma wata ƙwayar magani mai suna asetazolamaid. Tana sa mutum ya ƙara numfashi, musamman cikin barci. An gwada ta a Cerro de Pasco, sakamakon da aka buga a shekarar 2005 ya nuna tana rage kaurin jini. Likita ne kaɗai ke ba da ita.

Nijeriya da Nijar fa?

Babu garin da ya kai mita 2,500 a waɗannan ƙasashe biyu. Tudun Mambila a Jihar Taraba yana wajen mita 1,600. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, watau Chappal Waddi, mita 2,419 ne. Dutsen Bagzan na ƙasar Azbin a Nijar ya ɗan haura mita 2,000. Saboda haka mutumin Jos ko na Gembu ba shi da fargabar cutar Monge.

Amma akwai abin lura guda biyu. Na farko, jini na iya yin kauri ko a ƙasa-ƙasa, idan huhu ko zuciya sun daɗe da lalacewa. Mai shan taba da yawa yana cikin wannan haɗari. Akwai kuma wata cutar ɓargo da ke sa shi ƙera ƙwayoyi barkatai, ba ruwanta da tsauni. Awon asibiti ne kaɗai ke bambance su. Ciwon kai da jiri da kasala alamomin yawan jini ne, amma kuma su ne alamomin ƙarancinsa. A karkara ƙarancin ne ya fi yawa. Wanda ya ji jiri ya ce jini ne ya yi masa yawa, ya tafi wurin wanzami a yi masa ƙaho, yana iya zubar da ɗan abin da ya rage masa.

Na biyu ya shafi masu cutar sikila. Jajayen ƙwayoyinsu sukan lanƙwashe kamar lauje idan oksijin ya ragu, su toshe jijiyoyi. Hawa tsauni mai bisa ƙwarai yana iya tayar musu da ciwo. Ko wanda ke ɗauke da rabin gadon, watau mai AS, an sha samun saifarsa ta kamu da ciwo a irin waɗannan wurare. Mai sikila da tafiya ta kama shi zuwa gari mai tudu, kamar Adis Ababa da ke wajen mita 2,350, ya fara ganin likita kafin ya tashi.